Yadda Ake Zaɓen Hedifon Mai Fitar da Sauti na Asali, Mai Kuma Daɗin Sawa

Hedifon na farko mai tsada da na saya, cikin minti uku na yanke shawara a kansa, ina tsaye a wani shago, janareto na ruri a bakin ƙofa, mai shagon kuma ya ƙure mini ƙarar wani kiɗa mai dukan ganga. Kiɗan ya ratsa ni har ƙirji, na biya ko tayawa ban yi ba. Kafin mako ya zagayo na lura muryar mai karanta labarai tana zo mini kamar daga cikin randa, kuma duk sanda na yi rabin sa'a da shi sai tsakiyar kaina ta ɗauki zafi. Tun daga nan na gwada hedifon da dama, nawa da na aro, na kuma raka abokai saye, har na tsayar da hanyar da zan bayyana a nan. Abu biyu ake nema: murya da kayan kiɗa su fito yadda kunne ya san su a fili, sannan mutum ya iya sa'a biyu da abin a kansa ba tare da ya matsu ya cire ba.

Kayan da za ka tanada

Na farko shi ne na'urar da za ka riƙa sauraro da ita kullum, wayar hannu ce ko kwamfuta. Kada ka yarda a gwada maka da na'urar mai shago, domin ba ita za ka tafi da ita gida ba. Idan wayarka ba ta da ramin hedifon, ka tafi da ɗan mahaɗin da ake sokawa a ramin caji, ka kuma riƙe mahaɗin da ke tsakanin ƙaramin fulogi mai milimita 3.5 da babba mai milimita 6.35, saboda manyan hedifon da yawa suna zuwa da ɗaya daga cikinsu.

Na biyu shi ne sautuka biyar ko shida waɗanda ka sani kamar yunwar cikinka. A samu muryar mutum yana magana ko karatu ba tare da kiɗa ba, a samu kiɗan da aka yi da kayan hannu irin su kalangu, goge, garaya ko algaita, a samu wani mai amo mai kauri sosai, sai kuma wanda aka ɗauka a cikin taro. Su kasance fayil na FLAC ko WAV, waɗanda ba sa rage ingancin sauti, in babu to MP3 mai lamba 320. Abin da ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har aka matse shi ya lalace ba ya gwada komai, domin aibinsa za ka ɗora wa hedifon.

Na uku su ne manhajar auna ƙara a waya ta biyu, da ɗan kwali mai faɗin tafin hannu wanda ka huda tsakiyarsa, da fayil na sautin gwaji mai shuuu kamar zubar ruwan sama, wanda ake samu kyauta a intanet. Ka haɗa da takarda da biro, da tsumma mai tsabta na goge soson kunne. Mai sa tabarau ya tafi da tabaransa. A ƙarshe ka ware wa aikin sa'a guda aƙalla.

Mataki na 1: Tantance inda za ka riƙa sauraro

Manyan hedifon masu rufe kunne iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda bayan kofinsa raga ce iska na shiga tana fita, akwai kuma mai rufaffen baya. Buɗaɗɗen ya fi kusa da yadda kunne ya saba jin sauti, domin amo ba ya kai wa bango ya dawo, kuma kunne ba ya saurin gumi. Amma duk hayaniyar da ke kusa za ta shigo maka, na kusa da kai ma zai ji abin da kake ji. Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997 kuma har yau ake ƙera shi, da ƙanensa HD 650 na 2003, da Beyerdynamic DT 990 Pro, duk buɗaɗɗu ne. Rufaffun da aka fi sani sun haɗa da Beyerdynamic DT 770 Pro, da AKG K371, da Audio-Technica ATH-M50x, da Sony MDR-7506 wanda gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar sauti suke amfani da shi tun 1991.

Wanda ɗakinsa ke bakin titi, ko fanka da janareto ba sa hutawa a gidansu, ko yake kwana ɗaki ɗaya da wani, ya haƙura da buɗaɗɗe komai yabon da ya karanta a kansa. Kuskuren da na fi gani ke nan: mutum ya sayi buɗaɗɗe, hayaniya ta hana shi ji, ya yi ta ƙara ƙara har ya cuci kunnensa.

Mataki na 2: Duba ko na'urarka za ta ba shi isasshiyar wuta

A jikin kwalin kowane hedifon akwai lamba da ake aunawa da ohm, wato turjiyarsa ga wutar da ke shigarsa, da wata da ake aunawa da desibel, mai nuna yawan ƙarar da yake bayarwa da ɗan wutar da ya samu. K371 yana da ohm 32, M50x yana da 38, MDR-7506 yana da 63, kuma duk waɗannan waya tana ɗaukarsu ba wahala. HD 600 da HD 650 kuwa ohm 300 gare su, kuma wayoyi da yawa sai an kai su ƙarshe kafin a ji ƙara mai gamsarwa. DT 770 Pro ana yin sa kala uku, mai 32 da mai 80 da mai 250, saboda haka ka karanta abin da ke rubuce a jikinsa kafin ka biya.

Ƙarancin ohm kaɗai ba ya tabbatar da sauƙi. Irin waɗanda ake yi da shimfiɗaɗɗen tantani, wato siririn fallen da ke girgiza ya fitar da sauti, a tsakanin maganaɗisu, kamar Hifiman Sundara, turjiyarsu ba ta kai ohm 40 ba, amma suna shan wuta fiye da yadda lambar ke nunawa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka soka shi a na'urarka: idan kana samun ƙarar da ta ishe ka alhali da sauran wuri a maɓallin ƙara, to babu matsala. Idan sai ka ƙure, ka sa kuɗin ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, a lissafinka, ko ɗan mahaɗin nan na ramin caji mai DAC (abin da ke mayar da fayil sauti) da amfilifaya a ciki. Mai sayen amfilifaya ya duba turjiyar mafitarta, kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon, wato ohm 4 ga hedifon mai ohm 32, in ba haka ba tana iya sauya kaurin sautin.

Mataki na 3: Tace zaɓinka zuwa biyu ko uku

Kunne ba ya iya kwatanta hedifon bakwai a zama ɗaya. Ka yi tankaɗe tun a gida. Abin da zai taimake ka shi ne zanen awo da masu gwaji suke wallafawa, mai nuna yadda hedifon yake ɗaga ko danne kowane ɓangare na sauti, daga mafi kauri mai girgiza 20 a daƙiƙa zuwa mafi siranta mai girgiza 20,000. Kada ka nemi miƙaƙƙen layi. Kunnen mutum da kansa yana ƙara ƙarfin sautin da ke wajen girgiza 3,000, don haka hedifon mai kyau dole zanensa ya yi tudu a wurin. Yawancin masu gwaji suna ɗora zanen a kan wani ma'auni da Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Harman na Amurka a 2013, suka kuma gyara shi har zuwa 2018, bayan sun sa mutane sun saurara ba tare da sanin wane hedifon ne a kansu ba. K371 an gina shi kusa da wannan ma'auni. HD 600 yana bin sa a wurin murya, amma amonsa na can ƙasa bai kai ba. DT 990 Pro kuwa an san shi da ɗaga siririn sauti, abin da wasu suke so, wasu kuma yake gajiyar da su.

Ma'aunin matsakaicin ra'ayin jama'a ne, kuma siffar kunnenka taka ce kai kaɗai, saboda haka ka yi amfani da zanen wajen zubar da waɗanda suka kauce da nisa kawai. Lambar da ake bugawa a kwali cewa hedifon yana kaiwa girgiza 40,000 kada ta ɗauke maka hankali, kunne ba ya zuwa can.

Mataki na 4: Sa shi a ka kafin ka kunna komai

Da zarar kiɗa ya fara, hankali ya bar jiki ya koma kunne, shi ya sa nake fara gwajin sawa cikin shiru. Ka daidaita bakan da ke bi ta saman kai har kofunan su zauna kunne na tsakiyarsu. Kunnenka ya shige cikin soson gaba ɗaya, kada gefensa ya lanƙwashe, kada kuma ya taɓa ragar da ke ciki, domin wannan 'yar taɓawar ita ce take zama raɗaɗi bayan minti arba'in. Ka buɗe baki kamar mai hamma, ka juya kai hagu da dama, ka sunkuya. Wanda ya zame ya yi sako-sako, wanda kuma ka ji yana danna muƙamuƙi ya matse da yawa. Matsewar sabon hedifon tana raguwa da amfani, ana ma kwantar da shi a kan jerin littattafai ya kwana, amma kada ka tanƙwara ɓangaren roba da hannu, yana tsagewa.

Nauyi yana da muhimmanci, sai dai yadda aka raba shi ya fi. HD 600 kusan giram 260 ne, Sundara wajen 370, wasu daga cikin manyan hedifon na kamfanin Audeze sun haura 600. Hedifon mai faffaɗan maɗauri yana baza nauyinsa, mai siririn baka kuwa yana tara shi wuri ɗaya a tsakar ka ko da bai yi nauyi ba.

Soson kunne shi ma iri biyu ne. Mai rufin karan-miski yana barin iska ta ratsa, mai rufin fata ko fatar roba yana toshe iska, yana ƙara amo, amma a watannin bazara minti ashirin sun isa ka ji gumi na bin bayan kunne. Fatar roba kuma tana saɓulewa da zafi da gumi, ta riƙa bar maka baƙin ɓurɓushi a wuya da kwalar riga. Ka gwada shi a yanayin da za ka riƙa sa shi. Ƙafar tabarau, da bakin hula, da kitso mai kauri ko ɗankwalin da ya rufe kunne, duk suna buɗe 'yar kafa tsakanin soso da fata, kuma a rufaffen hedifon wannan kafar ta isa ta zubar da amo mai kauri. Domin ka gane, danna kofunan da tafin hannu yayin da kiɗa ke tafiya: idan amon ya ƙaru sosai, to bai zauna maka daidai ba.

Mataki na 5: Daidaita ƙarar su biyun

Wannan ne matakin da kusan kowa yake tsallakewa, kuma shi ne yake sa a sayi abin da ba shi ba. Kunne yana jin kauri da siranta sosai idan ƙara ta ƙaru, saboda haka duk hedifon da ya ɗara ɗan'uwansa ƙara, ko da desibel ɗaya ne, shi za ka ce ya fi daɗi. Ka kunna sautin gwajin nan, ka rufe kofi ɗaya da kwalin da ka huda, ka sa makirfon ɗin waya ta biyu a ramin, ka karanta lambar. Ka rubuta matsayin maɓallin ƙara da ya ba ka, misali, desibel 75. Ka yi wa na biyun haka har lambar ta zo ɗaya, ka rubuta nasa matsayin. Manhajar waya ba ma'auni ce ta ƙwararru ba, amma tunda abu ɗaya take auna su da shi, kwatancin ya wadatar. Idan babu waya ta biyu, ka daidaita da muryar mai magana, kana sauyawa har ka ji mutumin yana tsaye a nisa ɗaya a duka biyun.

Kada ka yi gwaji da ƙara mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako ga baligi, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ban da haka ma, hedifon nagari a ƙaramar ƙara ake gane shi.

Mataki na 6: Saurara, kana canzawa a gajerun zango

Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti sai na 'yan daƙiƙu. Ka zaɓi zango na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka ji shi a na farko, ka canza da sauri ka ji shi a na biyu, ka sake dawowa. Kowane zagaye ka sa kunne a kan abu guda, ka rubuta abin da ka ji kafin ka wuce.

Ka fara da murya, domin ita ce sautin da ka fi kowane sani tun kana goye. Tambayar ita ce ko mutumin yana magana a gabanka, ko kuwa ta hanci, ko daga cikin tulu, ko daga bayan labule. Hausa tana da abin gwaji a cikinta. Ka lura da haruffan s da sh da ts: a kalma irin tsuntsu ko tsatsa, hedifon mai yawan kaifi zai riƙa sukar kunne kamar allura, mai dusashewa kuma zai cinye su. Ka lura ko ƙ tana rabuwa da k, ɗ da d, ɓ da b, ba tare da ka yi ta kasa kunne ba. Muryar namiji ta kasance da ƙirji amma kada ta kumbura, ta mace ta ɗaga ba tare da ta zama tsawa ba. Hedifon da ya faɗi a nan, ni ajiye shi nake yi, ko da ya burge a sauran.

Sai kalangu. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗi ya san abu uku ne suke fita tare: ƙyas ɗin sanda a kan fata, da amon cikin gangar, da lanƙwasar murya lokacin da makaɗin ya matse tsarkiya a hammata ya saki. Hedifon da aka cika wa amo zai ba ka dum-dum mai daɗi, amma lanƙwasar nan da take sa kalangu magana za ta nutse. Wanda amonsa ya gaza kuma zai mayar da gangar kamar ana dukan kwali. A goge ka nemi kartar izga a kan izga, da ɗan kukan ƙoƙon, kada ya zama santsi kamar na'ura ce ta yi shi. Algaita da ma can mai kaifi ce, shi ya sa take tona asiri da wuri: idan ka ji kana son rage ƙara duk sanda ta shigo a ɗaya, amma ba ka ji haka a ɗayan ba, ka rubuta.

Bayan haka ka sa mai amo na can ƙasa ka ji ko ana rarrabe bugu da bugu, ko kuwa sun cakuɗe sun zama ruri guda. Na ƙarshe shi ne wanda aka ɗauka a taro. Rufe ido ka nuna da yatsa inda mawaƙi yake, da inda 'yan amshi suke, da inda tafi ke fitowa. Buɗaɗɗu sukan fi faɗi a nan, amma ka tabbata muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya tana tsakiyar. Idan ta karkata gefe, juya hedifon ɗin, na hagu ya koma dama. Idan karkatar ta bi hedifon, to ɓari ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kuma wannan aibi ne da ba ya gyaruwa da sabo.

Abin da za ka yi hattara da shi a duk wannan mataki shi ne burgewar farko. Masu ɗaga kauri da siranta tare, su danne tsakiya, su ne suke cin gasar minti biyu. Mai sauti na asali sau da yawa da farko sai ka ji kamar lami ne.

Mataki na 7: Zauna da wanda ya yi nasara

Ka bar kwatance, ka sa wanda ya fi kwanta maka, ka saurari abin da ka ga dama na minti 40 zuwa sa'a guda. Ka lura da hannunka: sau nawa ya kai ga maɓallin ƙara domin ragewa, sau nawa ya kai ga baka domin gyara zama. Bayan ka cire, ka shafa tsakar ka da bayan kunne ka ji ko akwai wurin da ke zafi. Idan shago ba zai ba ka wannan lokaci ba, ka nemi aro a wurin wanda yake da irinsa, ko ka yi yarjejeniya da mai shago a gaban shaida cewa za ka iya mayarwa cikin kwana biyu ko uku muddin ba ka ɓata kwali ba. Mai saye ta intanet ya karanta sharaɗin mayarwa da wanda zai biya kuɗin aike kafin ya tura ko sisi.

Mataki na 8: Bincika jikinsa

Sanannun hedifon ana yin jabunsu, musamman waɗanda suka daɗe a kasuwa. Farashin da ya yi araha fiye da hankali shi ne alama ta farko, sai rubutun da ya karkace, da ɗinkin soso marar tsari, da nauyin da bai yi daidai da abin da kamfanin ya bayyana ba. Idan na hannu ne, ka motsa igiyar a gindin fulogi da gindin kofi yayin da sauti ke tafiya, ka ji ko yana yankewa, sannan ka sa amo mai kauri da 'yar ƙara ka saurari ko akwai zizar da ke nuna gashi ya shiga ko tantani ya lotsa. Ka fifita wanda igiyarsa take cirewa, kuma ana samun sosonsa a saya daban. Dangin HD 600 kusan kowane ɓangare nasu ana cire shi da hannu a sauya, shi ya sa ake ganin waɗanda suka shekara goma sha suna aiki.

Mataki na 9: Bayan ka kai shi gida

Ka ba kunnenka mako guda kafin ka taɓa komai, domin yawancin abin da ake cewa hedifon ya nuna, kunne ne ya saba. Idan bayan haka akwai abin da ke damunka, ikwalaiza, wato manhajar da ke ɗaga ko rage kowane ɓangare na sauti, tana gyara shi kyauta, kamar Equalizer APO a kwamfuta mai Windows ko Wavelet a wayar Android. Ka riƙa motsawa da desibel biyu ko uku, kuma rage abin da ya yi yawa ya fi ƙara abin da ya gaza, in kuma ka ƙara to ka sassauta ƙarar gaba ɗaya da gwargwadon haka don kada sauti ya fashe.

Soso yana lotsewa da amfani, kunne ya matso kusa da tantani, sautin ya sauya a hankali ba ka sani ba. Idan ka ga ya kwanta, ka saya masa na asali, domin soso mai wata siffa ko wani rufi zai ba ka wani hedifon daban da wanda ka zaɓa. Ka riƙa goge gumi bayan kowane zama, kada ka bar shi a mota cikin rana, kuma lokacin hunturu ka ajiye buɗaɗɗe a jaka ko akwati mai murfi, saboda ragar bayansa ba ta tare ƙura.